Malam Hamisu da Soson Teku

Duk wanda ya zauna da Malam Hamisu a gidanmu na unguwar Sentul, nan ƙasar waje, ya san ba a ajiye bilic inda idonsa zai kai. Ka sayo don wankin farar shadda, kafin Juma'a ya ga bayansa. In ka yi magana ya ce, "Haba ƙanena, shadda tsufa take yi, ilimi fa?" Soso yake narkarwa da shi, soson teku, wanda ya baro Kazaure takanas don yin digirin dakta a kansa. Wai sai naman ya narke ƙashin ke bayyana, wasu 'yan allurai na gilashi da ido ba ya gani, kuma da siffarsu ake gane dangin kowane soso.

Kun tuna wayarsa da Inna, mahaifiyarsa? Murya a buɗe, duk muna ji.

"Hamisu, shekara huɗu kana karatun soso? Ga shi nan ya cika mana katanga, har maƙwabta muke ba."

"Inna, wancan tsiro ne. Nawa dabba ce."

Tsohuwa ta ce, "To ta ina ake yanka ta?"

Sai ranar da Alhaji Sabo mai turare ya dawo daga kasuwar Chow Kit da yunwa, ya buɗe firij, ya ga robar tapau, irin wadda ake sayo abinci a ciki, da wani abu mai huji-huji. Ya ce ai tumbi ne, ya yayyanka ya zuba a miya. Loma biyu ya yi, ya fara susar harshe. Malam ya shigo, ya ga robar sosonsa babu komai. Muka ce yau akwai ta! Ina, sai ya ɗauko rariya ya tace miyar tas, ya ɗiga a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya ɗago yana murmushi.

"Alhamdu lillahi, allurai ba sa dahuwa."

"Ni fa, Malam? Bakina wuta yake!"

"Sha ruwa mana, Alhaji. Amma tsaya, in ka tofar, tofa a nan."

Abin mamakin, Malam Hamisu bai iya ruwa ba ko kaɗan. In an fita teku ɗebo soso, sai ya ɗaure rigar ruwa har biyu, ya rungume ƙarfen jirgi, masu nutso su sauka. Amma in ya dawo, mu zauna a mamak, wurin shan shayi, zai ba ka labarin ƙarƙashin teku kamar a can aka haife shi: haske na saukowa a hankali kamar labule, sosuna ja da ɗorawa a jere, suna shan ruwa suna fesarwa shiru, ba su damu da kowa ba. Shayinka ya huce ba ka sani ba. Na taɓa ce masa, "Malam, ai ba ka taɓa gani ba." Ya ce, "Kai ka taɓa ganin Aljanna? Amma kana kwatance."

Taurin kai kuwa sai shi. Malamar da ke duba aikinsa ta ce sosonsa ɗan dangi kaza ne, ya rubuta haka ya kammala. Ya ce sam, ya taɓa hango wata allura mai ƙugiya a cikinsa sau ɗaya, kuma wancan dangin ba su da ita. Lokacin tallafin karatunsa na ƙarewa, iyali na jira, muna ta roƙo. Ya ce, "Ba zan ba bawan Allah uban da ba nasa ba." Wata bakwai yana nema.

Wata la'asar ya kira ni ɗakin gwaji. Na sa ido a madubin. Wallahi na manta inda nake. Taurari, sanduna, sirarran allurai, duk suna sheƙi kamar an watsa su a sama, ga 'yar ƙugiyar nan a gefe, ita kaɗai. Ya ce a hankali, "Wanda ya tsaya ya ƙera wannan, a inda ba mai gani, kana jin zai manta da mu?"

Ya miƙa aikin, aka sa ranar kare shi. Saura mako biyu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Allah ya jiƙan Malam Hamisu, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba mahaifiyarsa da mai ɗakinsa haƙuri, ya raya 'yan matansa biyu. Mu kuma, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.