Tirelar Malam

Mijina Malam ya kai ni kallon ɗakin doki ya ce in zaɓa, kuma har yau ban yafe masa ba.

Kalma ɗaya ce ta jawo. Wata rana ya dawo daga filin jirgin sama na JFK, inda yake jiran fasinja da tasinsa, ya ce, "Hajiya, na gaji da bin layi. Tirela zan saya." Ni a Zariya na tashi, tirela ɗaya na sani, mai tayoyi birjik da ke kai shanu Legas. Kafin mako ya zagayo, duk matan da muke kasa jakunkuna da agogo a Canal Street sun ji. Wata 'yar Kumasi har ta fara kirana matar mai tirela.

Ran Lahadi ya ɗauke ni zuwa wani fili a Queens, bayan inda ake tseren dawaki. Na sha gwaggwaro, na yafa mayafin biki. Ina ta raba ido, ban ga tirela ba. Sai wani Bature mai tumbi ya zo da makullai, ya nuna mana wani ɗan akwati da aka ɗora wa a-kori-kura a baya, kamar kunkuru.

"Wannan kamfa suke ce masa," in ji Malam.

"Kamfai?"

"Kamfa!"

Na leƙa. Gado a maƙale da rufi, risho kamar na wasan yara. Na ce, "Kamfa ko kamfai, duk matsi ne."

Ya yi dariya. "Shi ya sa na fi son tirelar. Zo ki gani."

Doguwa ce, ba laifi. A gaba akwai gado da wurin girki da ɗan banɗaki. Baturen ya buɗe wata ƙofa a bayan gadon, wari ya doke ni. Tarkacen ciyawa, zobban ɗaure igiya, tagogi masu ƙarafuna. Innalillahi! Ashe mutanen nan da dawakinsu suke kwana, allo ɗaya ne tsakani. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wurin dokin ya ninka na mutum, har da fanka.

"A nan za mu zuba atamfa da man kaɗanya," Malam ya ce, yana shafa bango kamar ango. "Mu saki gidan hayarmu na titin Grand Concourse, mu riƙa bin kasuwannin baje-koli jiha-jiha. Inda muka tsaya, nan ne gida."

"Makarantata fa?"

Na haura arba'in lokacin da na fara riƙe fensir, a ajin manya na Bronx. A watan nan na fara karanta sunayen tashoshin jirgin ƙasa na layin D da kaina, na daina jan rigar baƙi ina tambaya.

"Haba Hajiya, bokon gudu zai yi? Ke dai zaɓi ɗaya. Kin ga ni mai shawara da iyali ne."

Shawara! Ya riga ya yanka, ya feɗe, sannan ya ce in zaɓi tukunya. Baturen yana ta murmushi, a zatonsa daɗi ne ya hana ni magana.

Na koma na sake leƙa kunkurun. Na auna gadon da ido.

"Malam, mutum nawa wannan ke ɗauka?"

"Gaskiya ɗaya ne zai sake."

"To shi na zaɓa."

Ya washe baki, wai na yi masa tattali. Har muka iso gida bai gane ba.

Washegari da safe na ɗauko Ghana-must-go, na sa tukunya ƙarama, faranti ɗaya, cokali ɗaya, bargo ɗaya da butarsa. Na ajiye a bakin ƙofa kusa da takalmansa. Sannan na cusa littafina da fensir a cikin jakar kayan kasuwa, na sauka na kama jirgin D.