Lahadin da Fasto Bai Kira Sunan Mamata Ba

Akwai wata Lahadi a cocinmu na Narayi da ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ba mutuwa aka yi ba, ba kuma faɗa ba. Suna ɗaya ne kawai Fasto bai karanta ba, kuma sunan mamata ne.

Babanmu ya rasu ina firamare. Mama tela ce, shagonta na bakin titi, daidai inda masu keke ke jiran fasinja. Da keken ɗinkin nan ta riƙe mu, shekara da shekaru ba ta ɗaga kai ta dubi namiji ba. Sai wani mai walda, mutumin Filato, ya kama shagon da ke gefen namu. Ya fara da gyara mata ƙofa, ya koma kawo mata gasasshiyar masara, daga nan magana ta yi nisa. Muna kiransa Ankul. Mutum ne marar hayaniya, ba ya sha, kuma Mama ta girme shi da shekara tara. Ina ajin ƙarshe a sakandare a lokacin, na kuma ga abin da na manta kamanninsa: Mama tana dariya har da riƙe ciki.

A cocinmu ba a ɗaura aure sai an yi sanarwarsa Lahadi uku a jere, don mai ƙorafi ya fito. Lahadin farko Fasto ya karanta aure biyu. Na ɗaya na wani dattijon coci ne wanda ya haura sittin, matarsa ta rasu, zai auri wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa da ba ta kai babbar 'yarsa ba. Coci ya kaure da tafi da guɗa. Da aka zo kan Mama da Ankul sai wuri ya yi tsit, can a layin matasa wani ya saki 'yar dariya ta hanci.

A shekarar akwai wani mawaƙi da ya cika gari, kuma waƙoƙinsa biyu ne ke tashe. Ɗaya ta yabon mai furfura ce da ya samu budurwa. A cikinta shi ne ya san darajar mace, shi ya iya lallashi, yarinya ta gode wa Allah da ta tsallake samari. Ɗayar kuwa a kan mace ce da ta so wanda ta girma. Wannan an mai da ita abin dariya: tana shafa baƙi a gashi, tana ɓoye shekaru, tana ba shi abinci a baki kamar ɗanta, shi kuwa tukunyarta yake so. Mutum ɗaya ya rera su, kiɗansu ma kusan ɗaya ne. Ni kaina ban taɓa lura da bambancin ba sai da abin ya zo ƙofar gidanmu.

Tun ranar Litinin masu keke suka fara. Da Mama ta buɗe shago sai ɗaya ya saka waƙar ta biyu ya ƙure sifika. Babu wanda ya kira sunanta, babu wanda ya nuna ta da yatsa, saboda haka babu wanda za ka kama. Mai aski ya ɗauka, mai cajin waya ya ɗauka. A makaranta wasu 'yan ajinmu suka riƙa yi mini ita da fito in na wuce. Wata rana Ankul ya fito da ƙarfe a hannu, idonsa ja, Mama ta sha gabansa.

"Ka koma aikinka," in ji ta. "In ka taɓa wani, cewa za a yi na haukata ka."

Ta daure har bayan Lahadi ta biyu. Abin da ya karya ta ba daga masu keke ya fito ba. Ita aka ba ɗinkin rigar amaryar dattijon, da ankon zumuntar matan coci. Ranar gwaji shagon ya cika da mata, sa'o'inta, wasu ma gwauraye irinta. Mama ta durƙusa tana kama bakin rigar amarya, allurai a bakinta, sai waƙar ta tashi daga waje. Wata ta fara kaɗa kafaɗa. Wata ta toshe baki da gyale. Kafin ka ce wani abu dariya ta zagaye shagon, har amaryar da Mama ke durƙushe a gabanta.

Shugabar zumunta ta ce, "Haba 'yar'uwa, kada ki ɓata rai, waƙa ce kawai. Amma ke ma ki duba, yaron nan ai ƙaninki ne."

Mama ta cire alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Shi Baba dattijo fa? Wannan ba jikarsa ba ce?"

"Ai shi namiji ne," in ji shugabar.

Haka ta faɗa, ba da fushi ba, ba da mugunta ba, kamar mai faɗin farashin gishiri. Har yau in na tuna raina tafasa yake yi.

Ranar Asabar da rana Mama ta kira Ankul cikin shago. Ina bayan labule ina guga, ba ta kore ni ba.

"Na je wurin Fasto," ta ce masa. "Gobe ba zai karanta namu ba."

Ya dube ta ya ce, "Ni za ki aura ko unguwa?"

"Kai in ka kunna injinka ba ka jin komai. Ni ce zan je kasuwa. 'Yata ce za ta je makaranta. Bana wannan waƙa ce, baɗi wata za a yi."

"Mu bar Narayi mana. Mu koma Rido, ko Nasarawa."

"Can babu rediyo?"

Ya roƙe ta har muryarsa ta dushe. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka a tsaye ba sai ranar.

Washegari muka je sujada, don Mama ta ce ba za ta ɓuya ba tunda ba sata ta yi ba. Fasto ya karanta sanarwar dattijo karo na uku, aka yi tafi. Ya ɗan tsaya, ya dubi takardar hannunsa, ya wuce zuwa sanarwar sharar coci. Na ji yadda kawuna suka juyo kanmu. Mama ta kafe idonta a gaba, hannunta yana matse nawa har ya yi mini ciwo. Wurin da Ankul ya saba zama babu kowa. Sati na zagayowa aka yi bikin dattijo, ya taka rawa da amaryarsa da waƙar ta ɗaya, matan zumunta suna zagaye da su cikin ankon da Mama ta ɗinka.

Ankul bai ƙara wata biyu ba ya kwashe kayansa ya koma Jos. Mama ba ta sake maganar aure ba. Ta ci gaba da ɗinki har idonta ya raunana, dariyar nan kuma ban sake jin ta ba.

Bayan shekaru, ina da nawa 'ya'yan, wata ta nuna mini bidiyon bikin Ankul a waya. Furfura ta fito masa, amaryar kuwa ƙarama ce, ko ni na girme ta nesa. Ana ta liƙa musu kuɗi. Na yi ta juya abin a raina kafin na gaya wa Mama. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Shekarunta nawa?"

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "To, Allah ya ba su zaman lafiya. Shi kam yanzu za a yi masa waƙa mai daɗi."

Tun daga abin nan na daina yarda da cewa waƙa waƙa ce kawai. In sabuwa ta fito, kafin ƙafata ta motsa sai na saurara na ji wa ake yabo, wa kuma ake yi wa dariya. Wadda ake yi wa dariyar tana da gida a wata unguwa, kuma akwai 'yar da ke zaune kusa da ita tana ji.