Moɗar da Na Kasa Jira

Jiya da rana na watsa ruwa a ƙofar ɗakina don simintin ya huce, sai ƙamshin ƙasa mai zafi ya daki hancina. Nan take na tsinci kaina a gidanmu na cikin birnin Zariya, ina 'yar shekara tara, da bakin da ba ya iya riƙe magana.

Idan ba ka taɓa cin bazara a cikin ganuwa ba, ba ka san abin da rana take yi wa mutum ba. Tun hantsi katangu ke ɗaukar zafi, lungu ya koma kamar bakin murhu. Ƙuraje su feso wa yara a wuya, manya kuma su kama faɗa a kan abin da in da damina ne dariya za su yi masa.

Babanmu magini ne, a kan katanga yake yini yana jera tubali. Rana ta mayar da shi baƙi wuluk, ba tsoka ko ɗaya ta banza a jikinsa, bayan rigarsa kullum da farin gishirin gumi. Ƙanensa, Baffa, ma'aikacin ofis ne, fatarsa luwai-luwai, har da ɗan tumbi. In ka gan su tare ba za ka ce ciki ɗaya suka fito ba. Baba yana ce masa ɗan fanka, shi kuma yana ce wa Baba gawayi, su yi ta dariya a ƙarƙashin cediyar tsakar gida, wadda mahaifinsu, Kaka Malam, ya dasa.

Kaka, mahaifiyarsu, ta san halin ɗanta. Baba mutum ne mai haƙuri da safe da yamma, amma in ya shigo da azahar idonsa jajir yake, ko sallamarka ba ya so. Don haka ta kafa doka: duk wanda ya shigo daga rana, ba a gaya masa komai, mai daɗi ko marar daɗi, sai ya zauna ya shanye moɗa guda daga randarta, ya zuba wata a ka. Ko rasuwa aka yi sai ta jira moɗa.

Ni ce na karya dokar.

Wata safiya bayan Baba ya fita, Baffa ya shigo da masu injin yankan itace. Kafin azahar cediyarmu tana ƙasa gunduwa-gunduwa, rana ta sauko tsakar gida tsirara. Na yi kuka har na gaji, don a reshenta lilona yake. Ina jin takun Baba a zaure na kwasa da gudu, na wuce Kaka da moɗa a hannunta.

"Baba! Baffa ya sa an sare cediyar Kaka Malam!"

Ya ture ni gefe, ya shiga, ya tsaya yana kallon kututturen. Baffa ya taso yana goge hannu.

"Yaya, tsaya ka ji..."

Marin farko har yau ina jin ƙararsa. Baffa ya dafe kunci, Baba ya cakumi wuyan rigarsa ya maka shi da katanga, ya sake ɗagowa ya maka. Hular Baffa ta faɗa kwata. Ya yi ƙoƙarin kare fuskarsa, amma ina hannun biro zai iya da hannun da ke cilla tubali sama? Baba ya sunkuya ya ɗauki guntun reshe, ya sauke masa a gefen kai na hagu. Baffa ya zube a kan ganye, jini na bin kunnensa zuwa wuya. Innarmu tana salati tana ihu, maƙwabta na ta bugun ƙofa.

Kaka, tsohuwar da ko buta da ƙyar take ɗagawa, ta ciccibi bokiti ta sheƙa wa Baba ruwan tun daga ka.

"Ni na sa shi! Saiwar ta tsaga bangon ɗakina, so kake ya rufta mini? Jira nake ka sha ruwa in gaya maka."

Reshen ya suɓuce daga hannun Baba. Ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana kallon tafukansa kamar na aro ne. Shi ya saɓa Baffa a kafaɗa ya fita da shi neman mota, yana kuka a gaban duk mutanen unguwa.

Kunnen bai sake ji ba. Da aka sallamo Baffa daga asibiti, ya bar gidan ya kama haya a unguwar Tukur-Tukur. Ba su yi gaba ba, suna gaisawa da Sallah da wajen suna, amma ban ƙara jin ɗan fanka ko gawayi a bakin kowa ba. Kaka ba ta dake ni ba, da ma ta dake nin. Kallona kawai ta yi ta ce, "Moɗa ɗaya kika kasa jira."

Yanzu gidan namu duk siminti ne da kwano, babu itace ko ɗaya a layin, randa kuma sai dai labari. Mutane na tsotsar ruwan leda a tsaye suna zagin juna a bakin titi, ni kuma in ce a raina, rana ce, ku zauna tukuna. Baba ya rasu, Kaka ta riga shi da daɗewa. Baffa yana nan, ya tsufa, ya rame. Duk ranar da na je gaishe shi ba ya bari in buɗe baki sai ya miƙo mini kofi.

"Sha tukuna, 'yata," yakan ce. Sai na shanye, sannan ya juyo mini da kunnensa na dama.