Yadda Tambari Baduku Ya Ƙara wa Muryarsa Kauri

A Ƙofar Rini ta Sakkwato, in ana lissafin dattawan da ba su da yawan magana, da Tambari Baduku ake farawa. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a rumfarsa ta dukanci, tsakanin jar fatar akuya da warin jima, yana ɗinka takalma da tumtum da kube, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa jin ya jera kalma goma a numfashi ɗaya. Wasu suka ce natsuwa ce. Wasu suka ce jinin Fulani ne ta wajen kakarsa. Har rigima ake kawo masa. Maƙwabta biyu za su zo su tsuguna, kowa ya zazzage cikinsa a kan magudanar ruwa, shi kuwa yana huda fata da basilla, ko ɗagowa bai yi ba. In sun gaji sai ya ce "Uhm," can ƙasan maƙoshi. Kowa ya fassara uhm ɗin yadda ya yi masa daɗi, su tashi suna cewa kai, Malam Tambari akwai hikima.

Ba hikima ba ce. Murya ce.

Allah ya ba shi ƙirji kamar ƙofar zaure, ya ba shi gemu, mahaifinsa kuma ya raɗa masa sunan gangar da ta fi kowace ganga amo. Amma muryar da ta zo cikin kayan siririya ce, irin ta ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa. Sa'o'insa duk muryarsu ta fashe suna sha huɗu, sha biyar, tasa ta ce ba inda za ta. Yana da shekara sha tara aka aike shi wani gida a Unguwar Rogo ya karɓo fata. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, matar gidan ta amsa daga ciki: "Shigo mana, yarinya, mi kika tsayawa yi waje?" Ya juya bai karɓi fatar ba. Daga ranar ya zama mai natsuwa.

Abin ya zo masa da sauƙi domin yana da wa, Alhaji Mustapha, wanda in ya yi tari a Ƙofar Rini sai a ce masa sannu a Tudun Wada. Neman aure, raɗin suna, sasanta dangi, duk Mustapha ke magana. Tambari nasa zama a gefe da gyaɗa kai. Bara Allah ya yi wa Mustapha rasuwa. Tambari ya yi kukan ɗan'uwa na gaskiya, amma ranar addu'ar uku, yana cikin karɓar gaisuwa, wani abu ya tsinke masa a ciki: yanzu shi ne babba. A gidansu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa, baffa ke bayarwa. Bana kuwa ga Nuriyya, 'yar ƙaninsa, ta kawo wanda take so har an sa rana. Ga masallacin unguwa an ɗora masa sababbin lasifikoki huɗu a kan rufi. Saura mako uku ya riƙe makirfo ya ce ya bayar, a gaban dangin ango da za su ciko mota daga Kano, mutanen da ko lafiyayyar muryar Basakkwace ba sa bari ta wuce ba su kwaikwaye ta ba.

Ana cikin haka wayarsa ta rage ƙara, ko karatun da yake saurara da hantsi ba ya ji sosai. Ya kai ta Tudun Wada wurin Abdulshakur mai gyaran waya. Abdulshakur ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma shi kaɗai ne a duniya yake da lasisin faɗin abin da kowa ke yi kamar bai sani ba.

"A'a, Sauro! Yau an hito?" in ji Abdulshakur, yana dariya tun kafin ya ajiye abin walda. "Bawana, mi ya sami wayar?"

Tambari ya nuna kunne, ya nuna wayar. Abdulshakur ya ɗauki tsohon buroshi ya kankaro dattin fata daga ramukan lasifikar, sannan ya ce bari ya nuna masa wani abu, ko ya rage ƙauyanci. Ya shiga saiti, ya shiga wurin sauti, ya gangara can ƙasa inda babu mai zuwa, ya taɓa wata kalma da ya ce sunanta ikwalaiza. Sai ga sanduna biyar a tsaye a fuskar wayar, kowace da ɗan ɗigo a tsakiyarta.

"Wagga ta hagu ita ta kauri, bes ke nan. Ta dama ita ta kaihi, danginka. In ka ja ɗigon sama ya ƙaru, in ka ja ƙasa ya ragu. Sa iyafis ka ji."

Tambari ya sa a kunne. Abdulshakur ya ja na hagu sama, sai muryar mai karatun ta yi nauyi kamar ya ci tuwo ya ƙoshi. Tambari ya daɗe yana kallon sandunan. Sannan ya karɓi wayar ya juya baya, kamar mai shirin kama ruwa. A wayar akwai saƙon murya guda ɗaya tak da ya taɓa aikawa a rayuwarsa, na ta'aziyya, daƙiƙa huɗu. Ya ja sanduna biyun hagu har suka bugi rufi, ya danne biyun dama har ƙasa, ya kunna.

Abin da ya fito, in za a faɗi gaskiya, ya yi kama da mutum yana magana da kansa a cikin randa. Amma Tambari bai ji randa ba. Mustapha ya ji. Kai, har ya fi Mustapha. Ya ji mutumin da ya kamata a ce shi ne tun yana sha biyar, wanda aka tsare a hanya. Ya kunna sau shida.

"Yanzu haka kowa za shi ji ni?" ya tambaya a hankali.

Abdulshakur ya san amsar. Ya san sandunan nan ba su taɓa muryar da aka aika ba, kunnen mai wayar kaɗai suke yi wa aiki. Amma shekara hamsin yana jiran taubashinsa ya faɗo hannunsa irin wannan faɗowar, kuma bai ga dalilin da zai sa ya sa ƙafa ya shure arziki ba.

"Kai mi kaj ji da kunnenka?" ya ce. Bai yi ƙarya ba. Daga baya ya sha nanata wannan.

A ranar Tambari ya aika saƙo na farko a guruf ɗin dangi, minti biyu, kan shirin biki. Ya saurara, ya ji daɗi, ya ƙara na minti biyar. Kafin mako ya zagayo an gane cewa shirun shekara talatin ba rijiyar hikima ba ce, rumbu ne, kuma cike yake. Ashe yana da ra'ayi a kan komai. Yana da ra'ayi a kan matasan da ke jima fata da garin kanti maimakon bagaruwa. Yana da ra'ayi a kan yadda ake raba naman suna. Ya tuna wanda bai zo masa barka ba lokacin haihuwar 'yarsa ta fari, da wanda ya zo amma bai zauna ba. Ya koma kan rigimar magudanar ruwan nan ya bayyana, cikin minti tara, abin da yake nufi da uhm, sai ga shi duk ɓangarorin biyu ya ba rashin gaskiya. Kullum da hantsi zai ajiye basilla, ya gyara zama, ya yi gyaran murya ya danna. In ya gama ya sa iyafis ya saurari kansa yana lumshe ido. Ba don dangi yake yi ba, ko da yake da an faɗa masa haka sai ya yi fushi. Dangi hujja ce kawai. Shi mutumin cikin randar yake son ji, kuma ba ya fitowa sai an ba shi abin faɗa.

Saura kwana biyar biki ya dawo gida cin abincin rana. Daga zaure ya jiyo wani abu a madafa yana tsiwa, wit-wit-wit, kamar an taka jelar ɗan kyanwa. Ya tsaya. Cikin tsiwar ya tsinci kalmar bagaruwa. Ya leƙa, ga matarsa Uwani tana yanka kuɓewa, wayarta jingine da turmi.

"Wa ka magana nan?"

"Kai mana, Malam. Saƙonka na ɗazu."

"Ni? Wayarki ta lalace."

"Lahiyatta lau. Gudu dai na ƙara maka, akwai wurin da aka taɓawa mutum ya yi sauri ninki biyu. Kowa haka shika yi maka, in ba haka ba yaushe za a ɗora tukunya?"

"Mayar da shi daidai."

Ta mayar. Muryar ta rage gudu, amma ba ta ƙara ko ƙwayar gero na kauri ba. Ita ce dai, wadda aka ce wa shigo yarinya. Saƙo arba'in da bakwai ya aika da ita, ga surukai, ga jikoki, ga dangin da ke Argungu.

"Haka kuka ji na, duk kwanakin ga?"

Uwani ta dube shi da mamaki na gaskiya. "To da yaya za mu ji ka? Shekara ashirin da takwas da wagga murya kaka ce mini in kawo ruwa."

Bai ci abincin ba. Ya hau babur na kabu-kabu sai Tudun Wada. Abdulshakur yana hango fuskarsa ya kwanta a kan benci yana dariya har da shure-shure. Tambari ya tsaya a kansa yana huci, amma ba a fushi da taubashi, in ka yi ma kai za a yi wa dariya ta biyu.

"Haba Sauro," in ji Abdulshakur yana share hawaye, "sauti inda shika hita nan aka gyara shi. Kai taka wayar ka gyara. In kana son Sakkwato ta ji ka da kauri, sai ka bi wayoyin Sakkwato ɗai-ɗai."

Tambari ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Inda yake fita. Ranar ɗaurin aure ai wuri ɗaya zai fita.

Ranar Asabar, ranar ɗaurin auren, tun ƙarfe tara ya shiga masallaci, ana ta kafa rumfuna a waje. A lungu kusa da mumbari akwai amfilifaya, na'urar da ke ba lasifikokin sauti, an rufe ta da tsohuwar darduma. Ya ɗaga. Babu sanduna, sai maɓallan murɗawa, amma ya gane rubutun bes domin ya haddace siffarsa a wayarsa. Ya murɗe shi har ƙarshe, ya murɗe na kusa da shi baya, ya mayar da darduma, ya zauna a sahun gaba yana jan carbi.

Sha ɗaya ta yi, masallaci ya cika, titi ya cika. Liman, wanda dama Allah ya hore masa murya, ya ɗauki makirfo ya yi bismilla. Tagogi suka amsa. Abin da ya fita ta lasifikokin nan huɗu ba magana ba ce, tirela ce ke hawa gada. Tattabarun kan rufi suka watse. Mutanen waje suka fara ɗaga murya: "Ba a ji! Ba mu ji!" Wani Bakano ya tambayi na kusa da shi ko haka ake huɗuba a nan. Ladan ya ruga lungu ya yaye darduma, cikin ruɗewa ya murɗe komai zuwa kishiyar inda ya same shi. Kauri ya tafi gaba ɗaya, kaifi ya kai ƙarshe.

A daidai nan wakilin ango ya gama neman aure, liman ya ce, "Ina waliyyin amarya?" Aka miƙo wa Tambari makirfo.

Ya riƙe shi. Yana iya raɗa wa liman a kunne, a ce tsufa ne ko mura. Amma shaidu na waje, kuma Nuriyya ta aiko tun jiya cewa ita da ƙawayenta za su kasa kunne daga cikin gida su ji baffanta ya bayar da ita. Ya dubi ƙaninsa, ya ga ya sunkuyar da kai yadda uban amarya ke yi. Babu Mustapha. Babu randa.

"Na ba shi auren ɗiyata Nuriyya," in ji Tambari.

Maganar ta fita siririya, tsaf, kamar zaren da aka ja ta kafar basilla. Ta ratsa rumfuna, ta wuce mai rake, ta shiga gidan biki, sai ga guɗa ta taso daga can. A cikin masallaci mutum ɗaya ne ya tuntsire, kuma kowa ya san ko wane ne. Kanawa suka haɗiye tasu, suka adana ta don hanya. Sai wani tsoho a bakin ƙofa, wanda rabonsa da jin huɗuba tun kafin a sa lasifika, ya ɗaga sanda ya ce, "Alhamdu lillahi! Yau dai naj ji magana. Wanga a riƙa ba shi sanarwa!"

Haka kuwa aka yi. Yanzu duk sanarwar masallacin, ta jana'iza da ta ɗaurin aure da ta akuyar da ta ɓata, Tambari ke yi, domin an gwada an ga tasa ce kaɗai ke kaiwa bakin titi ba ta narke a hanya ba. Masu rigima kuwa sun daina zuwa rumfarsa. Sun ce da can ya fi iya sulhu.

Sandunan wayarsa suna nan inda ya bar su, biyu a sama, biyu a ƙasa. Yakan ɗauki sanarwarsa a waya, in kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar ya sa iyafis ya lumshe ido. Ranar nan Abdulshakur ya biyo karɓar takalmi ya same shi a haka, ya zare masa ɗaya daga kunne.

"Sauro, wa kaka saurare?"

Tambari ya karɓe abinsa ya mayar.

"Wani babban mutum," ya ce. "Ba ka san shi ba."