Dutsen Gugar da Ke Tokare Ƙofa

A gidanmu na Aboabo akwai wani dutsen guga da ke tokare ƙofar ɗakin Kaka. Tun rasuwar kakana, wanda tela ne, ba a sake zuba masa wuta ba. Kaji na hawa kansa, mu yara muna tuntuɓe da shi. Ni dai ɗan zakaran ƙarfen da ke bisa murfinsa nake so, nakan shafa shi idan ba kowa.

Rigar makaranta ɗaya gare ni. Wata Lahadi ruwa ya wuni yana zuba, da safiyar Litinin na tarar da ita a igiya da danshi, duk ta yamutse. Ranar Litinin kuwa ticha ke bin layi tana duba mu. Wadda rigarta ba guga sai a fito da ita gaba, kowa ya kalle ta. Ni da a kalle ni gara a dake ni.

Na tsaya riƙe da rigar a ƙofar ɗakin Kaka.

"Ƙawata, wa ya mutu?" in ji Kaka.

Na nuna mata. Ta sa ƙafa ta turo dutsen.

Mma, mahaifiyata, da ke dama kokon sayarwa, ta yi dariya. "Haba Inna, wannan ai ya girme ni!"

"Ni ma na girme ki, ga ni nan. Ba mu garwashi."

Kaka ta goge ƙasansa da toka. Ta ture zakaran da yatsa, sai murfin ya buɗe ba gardama. Ashe zakaran sakata ne, ba ado ba! Ta zuba garwashi ta rufe, ta kama mariƙin katakon tana lilo da shi. Iska ta shiga ta ƙananan ramukan gefensa, suka yi jajir. Wani ne, a wata ƙasa, ya zauna ya yi tunanin inda iska za ta bi, da inda hannu zai kama bai ƙone ba. Na yi ta kallo baki buɗe.

Ta murza shi a kan ganyen ayaba, sannan ta ɗora a rigar. Tururi ya tashi. Duk inda ya bi, yadin ya kwanta sumul, ya bushe.

Na isa layi rigar da sauran ɗuminta a bayana. Ticha ta zo, ta wuce ni, ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Da na dawo gida, dutsen ya huce, yana bakin ƙofa, kaza a kansa.