Ranar da Motar Tsurumi Ta Ƙara Tsawo

A ƙauyukan gangaren lardin Ehime babu wanda bai san halin Tsurumi Katsuzo ba. Manomin lemu ne, shekarunsa saba'in ba biyu, kuma bai taɓa yarda da kowa ba. In ya sayi taki sai ya sake ɗora buhun a sikelinsa na gida. In maƙwabci ya gaishe shi da fara'a, ranar sai ya zagaya gona ya duba ko an matsar da iyaka. Mutum ne mai gajiyar da kansa a banza.

Abu biyu kawai ya riƙe a duniya, matarsa Fusae da wata tsohuwar a-kori-kura da ya saya tun 'yarsu Yoshie tana goye. Gwiwoyin Fusae sun ƙi, shekara biyu ke nan ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau motar ba, gonar kuwa tana can saman tudu. Ita ba lemun ne ya dame ta ba, furen ne. Kwana goma yake yi a watan Mayu, tudun ya yi fari fat ya ɗauki ƙamshi, sannan ya zube. Likita ya yi wata magana a kan zuciyarta, Tsurumi ya ce ƙarya yake yi, amma tun daga ranar hankalinsa bai ƙara kwanciya ba.

Da sanyi ya kai motar garejin Mizobuchi, bakaniken da suka yi firamare tare. Aka canza mata ƙafa, aka sa gajerun sifirin ta sauko ƙasa, aka ɗaura sabon birki mai riƙe gangara. Tsurumi na tsaye a kansa, kowane sabon ƙarfe sai ya ɗiga masa jan fenti.

"Katsu, wai ni ɓarawo ne?" in ji Mizobuchi.

"Ni ban ce ba. Fenti ne ya yi mini yawa a gida."

Kowa a yankin ya san yadda ake yi da irin wannan mota. In gwajin hukuma na duk shekara biyu ya zo, bakanike ya mayar da kayan kamfani, a wuce lafiya, washegari a sake ɗaura na gyara. Tsurumi ya ƙi wannan hanya. Ba wai gaskiya ce ta yi masa yawa ba, ya dai tabbata akwai maƙwabcin da zai kai shi wurin 'yan sanda. Yana so a rubuta gyaran a takardar motar, ya ga wanda zai yi magana.

Wata huɗu yana zirga-zirga a bas zuwa birnin Matsuyama. Wani injiniya ya yi masa lissafin ƙarfin ƙarfen, aka haɗa hotuna da zane, ya buga hatiminsa a shafi ashirin da ɗaya. Aka amince da takardun, saura a ga motar ta yi daidai da su. Bai faɗa wa kowa ba. Fusae ya ce mata wurin likitan haƙori yake zuwa. Mizobuchi kuwa, a ganinsa, bakinsa ba ya rufuwa, don haka abin da ya ce masa kawai shi ne, "Takardar gwajina ta ƙare, motar ba ta hawa titi. Ka ɗauko ta daga garejin a babbar motarka ranar Talata, mu haɗu a wurin gwaji."

Ranar Talata, tun ana sauke ta gabansa ya faɗi. Motar ta ƙara tsawo. Ya durƙusa ya leƙa bayan taya, babu jan fenti ko ɗigo.

"Ina kayana?"

"Suna gareji, na nannaɗe su a bargo," in ji Mizobuchi yana murmushin wanda ya yi abin kirki. "Wuni guda na yi ina mayar da na kamfani. Ko godiya babu?"

"Ka sayar! Na san ka sayar!"

"Wa zai saya? Ko gidan tarihi sun fi ƙarfin motarka."

Ma'aikaciyar gwajin, wata mai suna Hayase, ta sauka ramin da ke ƙarƙashin motar da tocila da 'yar guduma. Ta ƙwanƙwasa nan, ta ƙwanƙwasa can, ta fito ta duba takardun har sau biyu.

"Baba, ka yi haƙuri. Takardunka ba su da aibi, motar ma lafiyarta ƙalau. Amma ba motar da ke cikin takardun ba ce wannan."

"Da shi kuka haɗa baki?"

"Yau na fara ganinsa, Baba."

Mizobuchi ya karɓi takardun yana juyawa, fara'arsa ta ɗauke. "Wata huɗu kana wannan? Kana zuwa garejina shan shayi, ba ka ce uffan ba? Shekara arba'in ina yi wa mutane haka, ta ina zan san kai naka daban ne?" Ya rage murya. "Bari ta wuce a haka. Gobe in mayar maka, jibi ka kai Fusae gona."

Tsurumi ya dubi ma'aikaciyar, ya dubi mutanen da ke layi. A idonsa kowa ya ji, kuma kowa zai faɗa. Ya ce a'a. Hayase ta duba jadawali, ta ce hutu ya taho, layi ya cika, sai bayan mako uku.

Da la'asar ya sauka daga bas. Daga tashar ma ana hango tudun ya fara fari. Fusae na zaune a dandamalin ƙofa, ta sa takalman gona da hular rana, sandarta a cinya.

"Ina motar, baban Yoshie?"

Ya ba ta labari a tsaye, yana kallon ƙasa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ba ka gaya wa Mizobuchi ba ke nan," ta ce.

"Ban gaya masa ba."

"Ni ma ai ba ka gaya mini ba. A aljihun rigarka na ga takardun tun watan Fabrairu. Na yi ta jira ka yi magana, da na ce ka faɗa masa."

Ta sunkuya da ƙyar tana kwance igiyar takalmin. Ya durƙusa zai taya ta, ta ce ya bari, za ta iya.