Ranar da Surukina Ya Zo Gudu Unguwarmu

Ni mutum ne mai son ƙwallo, kuma ba na ɓoyewa. A Jidda aka haife ni, iyayena Hausawan Sudan ne da suka zo aikin hajji suka zauna, kuma tun ina ɗan shekara bakwai kulob ɗaya nake bi. Na yi masa kuka, na yi masa faɗa, na taɓa ƙaurace wa girkin matata kwana biyu don ta yi dariya ranar da aka zura mana uku. Saboda haka idan na ce na tsani gudun motsa jiki, na kuma tsani wannan turmutsutsun da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa, kada wani ya ce tsoho ne da bai san wasa ba. Na san wasa sarai, kuma ina da dalilina.

Ina da aboki tun muna yara. Shi ne golanmu lokacin da muke buga ƙwallo a wani fegi a Madain Fahd, kafin a gina benaye a wurin. Har muka yi furfura Gola nake kiransa, matarsa ma haka. Sana'arsa gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana hawa tsani da ita a kafaɗa yana da shekara sittin ba ɗaya. Duk wasan da kulob ɗinmu zai buga tare muke kallo a falona, shi a ƙasa ya jingina da kujera, yana zagin golan da ke cikin talabijin.

A shekarar da nake ba da labari kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama, ya rasu. 'Ya'yan mamacin suka rufe shagon, iƙamar Gola, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, ya yi wata bakwai ba takarda. Shi ma a Jidda aka haife shi, Sudan a fasfo kawai ya san ta. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina shiga motar haya, daga gida sai masallaci sai wurin mai ful, dafaffen waken da muke karya kumallo da shi. Da ƙyar muka samo wani mai shagon gyara a unguwar Safa da ya yarda zai karɓi kafalarsa, ya zama sabon kafilinsa, don ya ga aikinsa ya yaba. Saura mako biyu a gama. Abin da ake buƙata daga Gola kawai ya lallaɓa ya kai wannan ranar lafiya.

Sai surukina. Injiniya ne daga Kano, ya zo aikin kwantiragi, ya ga ƙaramar 'yata, na ba shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana riƙe ta da mutunci, ba ya wasa da salla, idan ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Aibinsa ɗaya, ya yi karatu a Amurka, ya dawo da cuta biyu.

Ta farko ita ce wannan ƙwallon nasu. Yakan naɗi wasan ya ajiye, ranar Juma'a idan mun je cin abinci gidansu a Safa sai ya kunna min, wai in gani in ƙaru. Ƙatti ne manya sun kifa hular kwano, sun cusa tsumma a kafaɗa, ƙwallon ma ba ta da siffar ƙwallo, kamar gwanda. Su sunkuya, wani ya yi ihu, su ruga su faɗa kan juna su tara tsibi. Shi ke nan. Su tashi su karkaɗe jiki, su haɗa kai suna shawara, a sa talla. Na zauna awa uku ban ga minti ɗaya da aka yi ana wasa ba tsayawa. Akwai wani siriri da ake kira ya zo ya buga da ƙafa sau ɗaya ya koma ya zauna, shi kaɗai na ji tausayinsa.

"Baba, dabara ce," in ji surukina. "Kowane mutum da ka gani akwai inda aka ce ya tsaya. Kamar dara ce."

"To su zauna su yi darar mana, a huta da karya haƙarƙari."

'Yata ta ce, "Ya Baba, halas, ya isa haka, ka ci abincinka."

Cuta ta biyu ta fi ci min rai. Mutum ya tashi da asuba, ya shiga mota, ya yi tafiyar minti arba'in zuwa Abhur, ya fito ya yi ta gudu a bakin teku ba ƙwallo a gabansa, ba kowa a bayansa, sannan ya dawo daidai inda ya ajiye motar. Su shida ne, duk 'yan Najeriya masu aikin kamfani, sun ɗinka riga iri ɗaya. Yana da agogon da ke ƙirga masa bugun zuciya. Wata rana ya nuna min lambar yabo da ya samo a wata tsere, na ce ma sha Allah, na nawa ka zo? Ya ce ai duk wanda ya gama ana ba shi. Na ce to wa ya ci? Ya ce shi da kansa yake gasa. Ban taɓa jin maganar banza irin wannan ba. Mu da muka buga ƙwallo ba takalmi a kan tsakuwa, idan an ci mu sai mu yi mako ba ma bi ta layin waɗanda suka ci mu.

Rannan a teburinsa raina ya ɓaci, don ya ce wai 'yan ƙwallonmu da an taɓa su sai su faɗi suna birgima. Gaskiya ce, shi ya sa ta yi min zafi. Na ce masa gudun bakin teku ai na masu kuɗi ne, iska na kaɗa ka, ƙasa a shimfiɗe, ga masu sayar da ruwan kwakwa. In kai namiji ne ka zo unguwarmu ka yi, inda akwai rami da kwata da motoci a kan hanya. Ya yi murmushi ya ce, "In sha Allah, Baba." Na ɗauka irin in sha Allahun da ake sallamar tsoho da ita ce. Ban sake tunawa ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Akwai abin da ni na sani, shi bai sani ba. A layinmu babba ba ya gudu. Yara suna yi, amma namiji mai gemu idan ya zo a guje, abu ɗaya yake nufi: hamla, wato samamen masu duba takardu. Ba a tsayawa tambaya. Wanda takardarsa ke da kyau ya zauna, wanda tasa ta mutu ya nemi lungu. Tun ina yaro haka na tarar. Surukina kuwa iƙamarsa kamfani ke sabunta masa, bai taɓa sanin ranar ƙarewarta ba.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan sallar asuba, ni da Gola muna zaune a bencin mai ful. Gari ya fara haske, ana jiran burodin tamis ya fito daga tanda. Akwai mutane kamar goma sha biyar, leburori da direbobi da masu wankin mota. Gola yana ba ni labarin yadda zai shirya kayan aikinsa a sabon shagon.

Sai ga baƙaƙen mutane shida sun karyo kwanar layin a guje, kai a sama, ba mai magana.

Wani daga bakin kanti ya ce, "Hamla!" Nan take wuri ya watse. Kwanuka suka kife, wani ya bar takalminsa ɗaya, wani ya shige ƙarƙashin motar ɗaukar kaya. Ni kuwa na gane rigar, na gane gemun da ke gaba. Surukina ne, da abin jin waƙa toshe a kunnensa, yana duba agogo. Dariya ta kama ni. Wallahi na yi dariya har na riƙe ciki, har hawaye, ina nuna su da yatsa ina cewa ku ga mahaukata. Suka wuce mu ko waige babu, don ba su ji komai ba, ba su ga komai ba. Na juya in ce wa Gola ka ga sakarcin da nake ba ka labari, sai na ga wurinsa ba kowa.

A bayan shagon mai ful akwai wani gini da ba a gama ba, da katanga wadda ta ɗan fi mutum tsawo. Ta ɓangarenmu haka take. Ta ɗaya ɓangaren an haƙa ramin tankin ruwa. A ciki muka same shi, ni da mai ful. Bai yi ihu ba, don yana tsoron a ji shi. Ya cije hannun rigarsa, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Da ya ga fuskata abin da ya fara cewa shi ne, "Sun tafi?"

Na ce sun tafi.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. An yi masa aiki, an sa ƙarfe, likita ya ce zai yi tafiya da sanda amma shi da tsani har abada. Mai shagon Safa ya zo dubiya da lemo da tuffa, ya zauna minti goma, ya yi addu'a. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Ya akhi, ka san ni mai hawa nake nema." Ban ga laifinsa ba. Na bi mutane, na bi 'yan'uwa, na je wurin wanda rabona da shi shekara ashirin. Ba wanda zai ɗauki kafalar tsoho mai sanda.

A unguwa kuwa labari ya zauna cewa hamla aka yi. Mutum uku sun rantse sun ga motar. Mai ful ya san gaskiya don ya ji abin da nake faɗa ina dariya, amma bai taɓa ɗaga maganar ba, sai dai tun daga ranar yakan miƙo min kwanona ba tare da ya dube ni ba.

Surukina ya ji labarin daga bakin 'yata da yammacin ranar. Ya zo gidana fuskarsa ta canza, ya durƙusa ya ce zai je asibiti ya faɗa wa Gola shi ne, ya nemi gafara. Na ce kada ya kuskura. Na zage shi tas, na zagi gudunsa da agogonsa da Amurkarsa da ƙattinsa masu hular kwano, na ce mutum ya ratsa unguwa ya watsa ta bai ko sani ba, wannan wane irin wasa ne da yake toshe wa mutum kunne da ido? Sannan ya ce a hankali, "Baba, kai ka ce in zo."

Idan ya je asibitin, tambayar farko da Gola zai yi ita ce me ya kawo ɗan Safa gudu layinmu, kuma yaron ba ya ƙarya. Abin da na ji tsoro ke nan, ba wani abu ba. Na hana shi, shi kuma ya bi maganata don ni surukinsa ne.

Bayan wata biyar Gola ya je da kansa ya nemi a ba shi izinin fita daga ƙasar. Ya tafi da matarsa da akwati huɗu zuwa wani gari a Sudan, a bakin kogi, inda dangin mahaifinsa suke, mutanen da bai taɓa gani ba. Wannan kafin ƙasar ta rikice ne. Ni na tura shi a keken marasa lafiya a filin jirgi.

Har yanzu ina zuwa Safa ranar Juma'a saboda jikokina. Surukina ya daina kunna wasan idan ina nan. Gudun kuma bai daina ba, ya koma Abhur. Wani lokaci idan na bi ta bakin teku na ga su birjik, maza da mata, har da tsofaffi sa'o'ina, sai in wuce da sauri. An ce yana ƙara lafiya. Ni dai ban ga wanda ya ƙara wa ba, na ga wanda ya rage wa. Wasan kulob ɗinmu kuwa ni kaɗai nake kallo, na rage murya.

Gola yakan kira ni idan ya samu layi, wani lokaci sai a yi wata biyu. Yakan tambayi sakamako, ya zagi sabon golan da bai taɓa gani ba. Kiran da ya yi na ƙarshe muryarsa tana yankewa, ya ce ya daɗe yana tunanin ranar nan. Ya ce shi ya gode wa Allah, don da sun kama shi da an fitar da shi a motar kame a gaban maƙwabta, amma ga shi ya fita da mutuncinsa, da akwatinsa, abokinsa ya raka shi.

"Abu ɗaya ne yake damuna," in ji shi. "Samarin nan da suka shigo a guje, da ba su ba da ban ankara ba. Kullum ina sa su a addu'a. An kama su ne?"

Sai ya ƙara da cewa, "Kana ji na?"

Na ce, "Ina ji. Sun tsira, dukkansu."

Ya ce, "Alhamdulillahi."